Wa Ya Faɗa Maka? Koya wa 'Ya'yanmu Tace Labari a Intanet

  

A wannan fitowa filinmu zai tsaya ne a kan wani al'amari da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, wato aikin binciken da malaman makaranta ke ba yara, wanda a nan Sudan ake kira bahas, da yadda yaran ke yin sa da wayar hannu. Zan yi magana da misalan ƙauyukanmu na Jazira da gaɓar Nilul Azraƙ, domin su na sani, amma na tabbata iyayen da 'ya'yansu ke zuwa lakwal a Maraɗi ko Damagaram, ko makarantar boko a Kano da Katsina, za su ga gidajensu a cikin maganar.

Kowa ya san halin da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya jefa karatu a ciki. A watan Oktoba na wannan shekara hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Dakarun Da'amus Sari', waɗanda gidajen rediyo ke kira RSF, sun shiga Wad Madani a Disamba 2023, sojan gwamnati bai karɓe ta ba sai a Janairu 2025. Sinja ma ta fita hannu a tsakiyar 2024, ta dawo a Nuwamba na shekarar. Jarrabawar shahadar sakandare ta 2023 ba a zauna ta ba sai a ƙarshen Disamba 2024. Da makarantu suka fara buɗewa sannu a hankali, yara da yawa sun koma sun tarar babu littattafai, wasu wuraren ko kujerun zama babu. To malamin da ya ce wa ɗalibi ya rubuto shafi uku a kan tarihin garinsu, ko a kan madatsar ruwan Sinnar, ina yake zaton yaron zai nufa? Wayar yayansa zai ara. Zai rubuta tambayar, ya kwafi abin da ya fara fitowa, ya miƙa. Malam ya ga rubutu ya cika takarda, ya ba da maki. An rabu kowa na murna, alhali ba wanda ya tambayi ko abin da aka rubuta gaskiya ne.

Ba maki ne ke damuna ba. Abin tsoron shi ne ɗabi'ar da yaron ya ɗauka. Wanda ya saba karɓar duk abin da allon waya ya nuna masa yana shekara 13, shi ne zai karɓi hoton ƙarya yana shekara 23, ya tura wa mutum ɗari kafin ya yi salla. Mutanen Damazin da Rusairis ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Sun ga yadda kalaman ƙiyayya suka riƙa yawo a shafukan sada zumunta a lokacin rikicin Yuli 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoba na shekarar, inda aka rasa rayuka da yawa, dubban iyalai suka bar gidajensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa iya wannan aiki, domin ilimin tace labari gadon gidanmu ne. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai su bincika labarin da fasiƙi ya kawo kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wasu mutane cikin jahilci su koma suna nadama. A gabatarwar Sahihu Muslim akwai hadisin da ke nuna cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. A kan wannan tushe malaman hadisi suka gina fanni sukutum. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Baiƙuniyya ya san ba a ce wa hadisi sahihi sai ya cika sharuɗɗa: salsalar maruwaita ta haɗu ba yankewa, kowane mai ruwaya ya zama adali, ya zama mai kiyaye abin da ya ji, ruwayarsa kada ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi, kuma kada a sami wata ɓoyayyiyar illa. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, da Imamu Muslim, wanda ya rasu a 261, sun ƙarar da rayuwarsu suna bin garuruwa domin tambaya guda: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa?

Ba ina daidaita aikin makaranta da hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba ne. Darajarsu ba ɗaya ba ce, kuma ba a neman mai rubuta labarin auduga ya cika sharuɗɗan Buhari. Amma ma'aunin yana aiki. Shafin da ba a san wanda ya rubuta shi ba, a wurin malaman hadisi majhuli ne, ba a kafa hujja da shi. Shafin da ya ce masana sun tabbatar, bai ambaci sunan masani ko ɗaya ba, salsalarsa ta yanke. Kuma akwai wata ƙa'ida da yara ke buƙata ƙwarai: idan mutum ashirin duk daga bakin mutum ɗaya suka ji labari, to labarin mutum ɗaya ne. Yaro zai ce maka ya ga maganar a shafi goma, don haka gaskiya ce. Ka sa shi ya jera su ya karanta. Sau da yawa zai tarar jimlolin iri ɗaya ne, har kuskuren rubutun ma iri ɗaya, domin tara sun kwafa ne daga guda.

Ya kamata kuma yaro ya san Google ba malami ba ne. Dillali ne mai nuna hanya. Yana jera shafuka bisa kalmomin da aka rubuta masa, da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare su, da wasu ma'aunai nasa, kuma waɗanda ke can sama wani lokaci talla ce da aka biya kuɗinta. Kasancewar magana a layin farko ba shaidar ingancinta ba ce, kamar yadda rumfar da ke bakin kasuwa ba lalle ita ke da hatsi mafi kyau ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, domin bayani ba misali kamar tuwo ne ba miya. A ce malami ya ba ɗaliba aikin rubuta yadda aka kafa Mai Wurno, garin da ke kudu da Sinnar a gaɓar Nilul Azraƙ. Ta ji a gida cewa sunan wanda ya kafa shi Muhammadu Bello. Ta rubuta Muhammadu Bello da Wurno a wurin bincike. Abin da zai cika mata allo shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mai littafin Infaƙul Maisuri, wanda ya zauna a Wurno ta ƙasar Sakkwato, kuma a can kabarinsa yake. Suna ya yi daidai, gari ya yi daidai, har ga zancen sarauta da jihadi. Idan ba a koya mata komai ba, za ta kwafe ta miƙa.

Amma da za ta dubi shekaru, da ta tsaya. Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837. Hijirar da ta kawo mutanen Mai Wurno ta biyo bayan shigar Turawan Ingila Sakkwato ne a watan Maris 1903, da yaƙin Burmi, a cikin jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Tsakanin rasuwar Bello da yaƙin Burmi shekara 66 ne. Wanda ya jagoranci sauran jama'a zuwa gabas ɗan Attahiru ne, Muhammadu Bello Mai Wurno, kuma littattafan da suka bincika tarihin garin suna sanya zamansa a gaɓar kogin wajen 1906. Shi ta wajen Abubakar Atiku ya haɗu da Shehu, wato ɗan'uwan wancan Bellon. Ba a nan tarkon ya ƙare ba. Attahiru ma biyu ne: na farko, ɗan Ahmadu Atiku, shi ne ya yi hijira ya faɗi a Burmi, na biyu, ɗan Aliyu Babba, shi Turawa suka naɗa a Sakkwato a 1903, ya yi mulki har 1915. Ɗalibar da ta gauraya su za ta rubuta cewa wanda ya ƙi Turawa shi ne wanda Turawa suka naɗa, ta karanta wa 'yan ajinsu, su ma su tafi gida da shi.

Malaman hadisi sun san wannan matsala tun da daɗewa, har suka keɓe babi ga maruwaitan da sunayensu suka zo ɗaya alhali mutanen daban ne, kuma da shekarun haihuwa da rasuwa suke kama wanda ya yi da'awar ya ji daga malamin da bai riska ba. Saboda haka darasi na farko da zan so kowane malami ya koyar shi ne: duk sunan da ka samu, nemi shekarunsa, ka ɗora su kusa da shekarun abin da kake bincike a kai.

Wannan misali yana koya mana wani abu game da yadda ake tambayar kanta. Sunan garin a Larabci ana rubuta shi Mayirnu, Turawa suna rubuta Maiurno a haɗe, mu muna cewa Mai Wurno. Burmi wasu na rubuta ta Bormi. Kowane rubutu ƙofa ce daban, kuma abin da ke bayan wata ƙofar babu shi a bayan wata. Yaranmu a nan Larabci suke karatu da shi, Hausa suke yi a gida, Ingilishi kuma kaɗan-kaɗan. Na Nijar suna da Faransanci. Wannan arziki ne ga mai bincike in an nuna masa. Ya nema da harshe biyu ko uku ya gwama. Ya kuma san cewa rubuce-rubuce da yawa a Sudan suna kiran duk wanda ya fito daga yamma da Fallata ko Takari, ba tare da rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba. Wanda ya nemi kalmar Hausa kaɗai zai rasa rabin abin da aka rubuta a kanmu, wanda kuma ya ɗauki duk abin da aka faɗa a kan Fallata ya ɗora wa Hausawa zai yi kuskure ta ɗaya ɓangaren.

Kuma akwai littattafai na ainihi, masu sunan marubuci da shekarar bugu. Mark Duffield ya buga littafi a kan Mai Wurno a 1981 bayan ya zauna a garin. Bawa Yamba ya buga nasa a 1995 a kan jikokin mahajjatan Afirka ta Yamma da suka zauna a Sudan. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya yi rubutu a kan yadda Hausa da Fillanci ke cuɗanya da Larabci a ƙasar nan. A Jami'ar Durham ta Ingila akwai taskar takardun Sudan na zamanin mulkin mallaka. Ɗan aji biyu na sakandare ba zai karanta waɗannan duka ba, na sani. Amma idan ya san sunayensu, zai iya duba ko shafin da ya samu ya ambace su, ko kuwa ya rataya ne a iska. Su ma ba wahayi ba ne. Rahoton da jami'in mulkin mallaka ya rubuta a kan mutanen da yake tsoron su tayar masa da Mahadiyya, a karanta shi ana tuna wa ya rubuta da abin da yake tsoro.

Sai maganar alƙaluma, inda yara suka fi faɗawa rami, manya ma haka. Ibnu Haldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya soki masu tarihi irin su Mas'udi da suka ruwaito cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Bai ce mai ruwayar maƙaryaci ba ne. Hankali ya sa: ya dubi faɗin ƙasar da za ta ɗauki irin wannan runduna, ya ƙirga kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙuba da Annabi Musa, ya ga ba za su haifi wannan adadi ba. Wannan shi ne auna matani bayan an auna salsala.

Mu gwada a kan gonar da muke ci daga gare ta. Yaro na bincike a kan aikin noman Jazira. Wani shafi ya ce faɗinsa 300,000, wani ya ce miliyan 2 da ɗoriya, wani ya ce 880,000. Yaron zai ce biyu daga ciki ƙarya suke yi, ko kuma ya zaɓi mafi girma don ya fi daɗin faɗa. Alhali duka ukun suna iya zama daidai. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aikin ya fara ne da kimanin faddan 300,000. Bayan an ƙara faɗaɗawar Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, ya kai kimanin faddan miliyan 2.1. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato hekta 0.42, saboda haka faddan miliyan 2.1 shi ne kimanin hekta 880,000. Na farko yana maganar wata shekara ce, na uku yana awo da wani mudu. Yaron da aka koya wa tambayar wace shekara, kuma da wane ma'auni, ya sami abin da zai amfane shi har a kasuwa.

Shekarar rubutu ma abin dubawa ce. Shafin da ke bayanin kamfanin Turawa mai kula da aikin yana maganar kafin 1950 ne, lokacin da hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat ta karɓa. Wanda ke cewa dole manomi ya shuka auduga bai san dokar 2005 da ta ba manoma zaɓin abin da za su shuka ba. Wanda kuma aka rubuta kafin Afrilu 2023 bai san abin da yaƙi ya yi wa magudanan ruwa da ma'ajiyoyi ba.

Akwai adadin da ya fi waɗannan zafi: Hausawa nawa ne a Sudan? Wanda ya nema zai ga lambobi masu nisa da juna ƙwarai, kowa da abin da yake son tabbatarwa, mai son ya ce muna da yawa da mai son ya ce baƙi ne 'yan kaɗan. A sanar da yaro cewa ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2008 ce, kuma ba ta tambayi ƙabila ba. Don haka duk lambar da ya gani ƙiyasi ce, in zai kawo ta sai ya faɗi wanda ya ƙiyasta. Kuma a nan ake gane tarbiyya: ya tsananta bincike a kan lambar da ta yi masa daɗi kamar yadda zai tsananta a kan wadda ta ɓata masa rai.

Kada iyaye su zaci wannan rauni na yaran ƙauye ne. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun gwada ɗalibai kusan 7,800, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare ba su bambance talla da labari ba a shafin da aka nuna musu. Bayan haka suka gwada malaman tarihi 10, da ɗaliban jami'a 25, da ƙwararrun masu tantance labarai 10. Malaman da ɗaliban sun riƙa zama a cikin shafin suna duban kyawunsa da tsarinsa, da yawansu aka ruɗe su. Ƙwararrun kuwa da sun buɗe shafi sai su bar shi nan take, su je wasu wurare su tambayi su wane ne masu shafin nan, me wasu ke faɗa a kansu, sannan su dawo. Da na karanta wannan sai na tuna yadda ake binciken mai neman aure. Ba a tambayar saurayi halinsa, domin babbar riga da turare kowa na iya ara. Unguwarsu ake aikawa a tambayi maƙwabta da abokan sana'arsa. Malaman jarhu da ta'adili ma haka suka yi: ba su karɓi yabon mai ruwaya ga kansa ba.

Game da Wikipedia, wadda aka kafa a 2001 kuma tana da sashen Hausa da na Larabci da na Faransanci, ra'ayina shi ne kada a hana yara, a koya musu. Kowa na iya gyara ta, wannan ne ƙarfinta kuma shi ne rauninta. Wurin fara tafiya ce. Yaro ya karanta don ya san sunaye da shekaru, sannan ya gangara ƙasan shafin inda aka jera madogara, ya ga ko jimlar da yake so tana da madogara ko babu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a Nuwamba 2022, lamarinsu ya fi wuya. Suna ba da amsa da harshe mai santsi, ba gargada, ba shakka a murya, kuma an tabbatar suna iya ƙaga sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci da lambar shafi. Kuskurensu ya fi yawa a inda rubutu ya yi ƙaranci, wato daidai irin tarihin ƙauyukanmu da na mazauna kanabi, ma'aikatan da suka tsinci audugar Jazira shekara da shekaru. Mai ruwayar da ke gauraya gaskiya da ƙage ba tare da ya sani ba, malamanmu ba sa kiran sa maƙaryaci, amma ba sa karɓar abin da ya kaɗaita da shi. Haka za a ɗauke su. Duk suna, shekara ko littafin da suka bayar, sai an same shi a wani wuri dabam kafin ya shiga takarda.

Wannan ya fi wajaba idan aka zo ga addini. Yaranmu suna son buɗe aikin makaranta da hadisi, abu ne mai kyau. Amma wanda suka fi ɗauka shi ne maganar nan ta neman ilimi ko da a ƙasar Sin, alhali manyan malaman hadisi sun raunana ta, har Ibnul Jauzi ya sanya ta a littafinsa na hadisan ƙarya. Ga hadisai ingantattu a kan falalar ilimi birjik. Shafin Durarus Saniyya yana da ma'ajiyar da ake rubuta lafazin hadisi a ga hukuncin malamai a kansa, Maktabatus Shamila kuma tana da dubban littattafai da lambobin shafukansu. Bayan an duba, a kai wa malamin unguwa ya tabbatar, domin hukuncin malamai kan saɓa, kuma yaro ba shi ne zai rinjayar ba.

Hoto da bidiyo ba zan daɗe a kansu ba. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika. Tun farkon yaƙin nan masu tantance labarai, irin su Beam Reports ta Sudan da sashen Larabci na kamfanin dillancin labaran Faransa, sun sha gano hotunan wasu ƙasashe ko na shekarun baya ana yaɗa su da sunan jiya aka ɗauka. A wayar da yaro ke riƙe akwai Google Lens, wadda ake ba ta hoto ta nuna inda ya taɓa fitowa. Minti biyu aikin ke ci.

Ga malaman makaranta ina da roƙo, kuma na san halin da kuke ciki na albashi da cunkoson aji. Matuƙar tambayar ita ce a rubuto shafi uku a kan abu kaza, to kwafe za a kawo. A sauya tambayar. A ce yaro ya kawo rabin shafi kawai, amma a ƙarƙashin kowace magana ya rubuta inda ya samo ta, wa ya rubuta, a wace shekara. A ce ya kawo wurare biyu da suka saɓa, ya faɗi wanda ya fi gamsar da shi da dalilinsa. A ba da maki ga wanda ya gano kuskure a shafi, ko da bai gano amsar daidai ba. Kuma a gaya musu a fili cewa ɗaukar rubutun wani a sa suna a kai cin amana ne. Magabata suna ganin albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita. Wannan darasi ba ya buƙatar kwamfuta ko wutar lantarki. Malami na iya kwafo sakin layi biyu a allo da alli, aji ya yini yana tattauna wanne za a yarda da shi.

Tsadar intanet ma, in an lura, tana iya zama malami. Lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairu 2024, mutane a wurare da yawa sun koma biyan kuɗin sa'a guda a shagunan masu Starlink. Wanda ke biya da sa'a ba ya yawon banza. Yaro ya zauna da takarda tun a gida, ya rubuta tambayoyinsa uku ko huɗu, da kalmomin da zai nema da su a kowane harshe. In ya samu, ya rubuta sunan shafin da ranar da ya duba, ya ɗauki hoton allon, domin abin da ke intanet yau gobe ana iya sauya shi ko a goge.

Iyaye kuwa, kada uwa ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ruwanta. Uwar da ke tambayar ɗanta wa ya ba ka in ya shigo da sabon abu a hannu, ita ce za ta tambaye shi wa ya faɗa maka in ya shigo da sabon labari a baki. Ba sai ta iya karatu ba. Ta sa ya karanta mata abin da ya rubuta, ya fassara da Hausa. In ya kasa fassarawa, bai fahimta ba, kwafa ya yi. Uba kuma ya kai yaron gaban tsofaffin gari. Sunan rijiyar farko, da wanda ya fara limanci, da hanyar da kakanni suka biyo ta Barno da Wadai da Darfur, da shekarun da suka yi a kowane zango suna noma don guzurin Makka, yawancin wannan babu shi a kowane shafi. Yana ƙirjin mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma gudun hijirar shekarun nan ya warwatsa da yawansu zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Yaron ya yi musu tambayar da zai yi wa shafin intanet, cikin ladabi: Baba, wannan kun gani da idonku ne, ko kun ji daga wa? Ya rubuta sunan tsohon, da shekarunsa, da ranar da aka yi hirar. In tsofaffi biyu sun saɓa, ya rubuta duka biyun, kowace ruwaya da sunan mai ita, ya kai wa malaminsa a haka.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar wayar hannu a hannun 'yan mata da samari da dare, da iyakar da ya dace gida ya sa.